Rigimar Haƙƙin Ƙirƙira Kan Shafaffun Sassan Firinta da Injin Fotokwafi

Wannan shari'a ce da ake yi idan wani kamfani ya yi rajistar mallakar wani sashen inji da aka shafe da sinadari, wani kuma ya ce ba ƙirƙira ba ce, dabara ce da ke a fili ga duk ma'abocin sana'ar. A firinta da injin fotokwafi, rigimar takan taso ne kan rolar da ke narkar da garin tawada ta manna shi jikin takarda.

Rolar nan tana aiki da zafin da kan kusanci digiri 200 na Selshiyas. In fuskarta ba ta saki garin ba, sai ya like mata, ya koma ya ɓata shafin da ke biye da inuwar rubutun baya. Shi ya sa ake lulluɓe ta da robar silikon ko da PTFE, wanda aka fi sani da Teflon. Roy Plunkett ne ya gano shi a kamfanin DuPont a 1938, shekarar da Chester Carlson, wanda ya ƙirƙiro dabarar fotokwafi, ya fitar da kwafinsa na farko ta hanyar busasshen gari. To, nan gizo ke saƙa: sinadarin da kowa ya san ba ya riƙe komai, ɗora shi a kan rola ƙirƙira ce?

A Amurka tambayar ta girmi injin kansa. A 1851 Kotun Ƙoli ta soke rajistar mariƙin ƙofa na yumɓu a shari'ar Hotchkiss da Greenwood, ta ce sauya katako ko ƙarfe da yumɓu aikin gwanin sana'a ne kawai. Dokar haƙƙin ƙirƙira ta 1952 ta sa wannan sharaɗi, wato kada ƙirƙirar ta zama dabarar da ke a fili ga ma'abocin sana'a, a sashe na 103. Shari'ar Graham da John Deere ta 1966 ta shimfiɗa matakan bincike, ita kuma ta KSR da Teleflex ta 2007 ta sauƙaƙa soke rajistar da ta tsaya ga haɗa sanannun abubuwa. A Turai sashe na 56 na yarjejeniyar haƙƙin ƙirƙira ne ke wannan aiki.

Mai kare rajistarsa yakan jingina da kaurin shafen, ko gaurayen sinadaran, ko yadda aka sa shi ya kama jikin ƙarfe, domin abin da ba ya like wa tawada ba ya son like wa rola ma. Sai dai tun shari'ar Aller ta 1955 aka ce lalubo adadin da ya fi dacewa ta gwajin yau da kullum bai isa ba. Dole ya nuna sakamakon da ba a zata ba, da alƙaluman gwaji, a kwatanta da shafen da ya fi kusa da nasa.

Babban haɗarin yana wajen mai yanke hukunci. Bayan an ga maganin, komai sai ya yi kamar mai sauƙi, har a manta da rolar da ta yi ta ɓarewa a ɗakin gwaji kafin a dace. Don haka ake tilasta wa mai ƙalubale ya faɗi dalilin da zai sa injiniyan wancan lokacin ya haɗa sanannun dabarun biyu da ke cikin tsofaffin takardu, da kyakkyawan zaton cewa haɗin zai yi aiki.