Imel ɗina ya ƙi fita da wuri: amsar tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Saƙo yana shigowa nan take, nawa kuma sai ya daɗe bai tafi ba. Kwamfutar ce ta lalace?

A'a. Hanyar shigowa daban, ta fita daban. Karɓa ta hanyar da ake kira IMAP ko POP ake yi, aikawa kuma ta wadda ake kira SMTP.

To in kai ta Sabon Gari a goge komai a sake zubawa?

Kada ka soma. Ka yi asarar takardunka, matsalar kuma tana nan.

Ai sabis ɗina cike yake, har bidiyo nake kallo.

Kallo saukewa ne, aikawa ɗorawa ce, kuma yawancin layuka sun fi rauni wajen ɗorawa. Sannan duba wa ke kan MiFi ɗin, wato 'yar na'urar da ke raba muku intanet. Wayar Hajiya tana kwashe hotuna zuwa Google Photos, yara suna tura bidiyo, kai kuma kana zargin imel.

Me na maƙala da ya yi nauyi haka?

Ɗaliban ABU Zariya, 'yan Samaru da Kongo, da ku nake. Ku ɗauki hoton kowane shafi na furojet, ku tura wa malami a saƙo ɗaya! Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 25, kuma fayil yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku idan ya shiga imel. Na MB 20 zai kai kimanin 27, wato sama da minti uku a layin da ke ɗora megabit ɗaya a daƙiƙa. Ku matse shi, ko ku sa a Google Drive ku tura mahaɗin.

Saƙon layi biyu ne, ba fayil, amma yana zaune a Outbox.

Wannan kam sai an bi a hankali, don ba abu ɗaya ke jawo shi ba. Fara buɗe imel ɗin a burauza ka aika wa kanka. In ya fita da sauri, to layinka lafiya, laifin yana cikin manhajar imel ɗinka, Outlook ko Thunderbird. Leƙa Outbox, wataƙila wani tsohon saƙo mai nauyi ne ya tare gaba, cire shi. In babu, duba lambar ƙofar SMTP. Kamfanonin intanet da dama suna toshe 25 saboda masu watsa saƙonnin banza, don haka gwada 587 ko 465, gwargwadon abin da mai ba ka imel ya ce. Mai yiwuwa kuma manhajar kariya daga bairos ce ke bincikar kowane saƙo kafin ya fita. Dakatar da binciken imel kaɗai na ɗan lokaci, ka gwada, ka mayar. Canza abu ɗaya-ɗaya, Malam, in ba haka ba ba za ka gane wanne ne ya yi magani ba. In har a burauzar ma yana jan ƙafa, koma tambayar sabis.

Ya bar Outbox amma wanda na aika wa bai gani ba.

Ya bar hannunka. Ya duba Spam, ko ya ɗan jira.

In yi ta danna Send?

Don Allah a daina. Sau biyar zai same shi.