Wai mece ce Françafrique ɗin nan da kowa ke ambata?

Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kalmar nan ta cika rediyo da Facebook, ana cewa Faransafrik kaza Faransafrik kaza. Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda masu sharhi ke fassara ta da mulkin mallaka kawai. Ba haka ba ne. Mulkin mallaka ya ƙare a takarda a 1960, ita kuwa wannan sunan abin da ya biyo baya ne, wato ƙawance na ƙarƙashin ƙasa tsakanin fadar shugaban Faransa da shugabannin tsofaffin ƙasashen da ta raina, sojoji da kuɗin sefa da man fetur da jakunkunan kuɗi na zaɓe duk a ciki.

Kuma mutumin da aka fi danganta kalmar da shi ba Bature ba ne fa. Félix Houphouët-Boigny ne na Kodebuwa, wajen 1955, kuma da yabo ya faɗe ta, yana nufin Faransa da Afirka su zama tsintsiya ɗaya. Mutane na mantawa cewa kafin ya zama shugaban ƙasa ɗan siyasar Faransa ne cikakke, ya shiga majalisar Paris a 1945, dokar da ta soke aikin tilas a 1946 sunansa take ɗauke da shi, wannan kam alheri ne babba ga mutanen ƙasashen da Faransa ta raina da aka riƙa kwasa ana kai su fasa hanya ba ko sisi. Daga 1956 ya zama minista a gwamnatin firayim minista Guy Mollet, daga baya ya riƙe ma'aikatar lafiyar Faransa gaba ɗaya, har a gwamnatin De Gaulle ya yi minista. Baƙar fata yana zaune a majalisar ministoci a Paris, sannan ya koma gida ya mulki Kodebuwa daga 1960 har rasuwarsa a 1993.

Sai a 1998 wani ɗan fafutuka Bafaranshe, François-Xavier Verschave, ya juya kalmar ta zama zagi, saboda in ka furta ta tana kama da France à fric, fric kuwa kuɗi ne a Faransancin titi.

Wani kuskuren kuma, sai ka ji ana kiran Jacques Foccart minista. Bai taɓa zama minista ba, mai ba shugaban Faransa shawara ne kan Afirka daga 1960 zuwa 1974, kuma rashin muƙamin ne ma ya ba shi damar aiki ba majalisar da za ta tuhume shi. Amma da ɗan gari akan ci gari, ni a ganina duk mai bayanin kalmar nan ya tsaya kan Foccart ya bar Houphouët rabin labari ya ba ka. Mu a Najeriya mun ɗanɗana, domin Kodebuwa ta amince da Biyafara a 1968, kuma da yaƙi ya ƙare a 1970 can jagoran Biyafara Ojukwu ya samu mafaka.