Atisayen dabarun ches ga masu koyo

Atisayen dabarun ches hanya ce ta koyon wasan inda ake jera wa mai koyo 'ya'ya a kan allo mai gida 64 kamar an tsaya a tsakiyar wasa, a ce ya nemo motsin da zai kashe sarki ko ya ci babban ɗa. A unguwannin zango na Accra, irin su Nima, Maamobi da Sabon Zango, inda dame, wani wasan allo irin na dara, ya fi karɓuwa a bakin shago, matasan da suka kama ches sukan yi atisayen a waya, ta shafukan wasan ches na intanet, Lichess ko Chess.com. Lichess kyauta ne.

Amfaninsa

A shekarar 1973 wasu masana biyu a Amurka, William Chase da Herbert Simon, sun nuna wa 'yan wasa allo na daƙiƙa 5, sannan suka ce su sake jera shi da ka. Idan jerin daga wasan gaske aka ɗauko shi, gwani yakan yi wa ɗan koyo fintinkau. Idan kuwa barkatai aka zuba 'ya'yan, tazarar takan ragu ƙwarai. Ke nan abin da gwani ya tara shi ne siffofin da idonsa ya saba da su, kuma su atisayen ke shukawa.

Yadda ake yi

Ana farawa da kisan sarki a motsi ɗaya, sai biyu. Daga nan a ɗauki dabaru ɗaya bayan ɗaya: harin baki biyu, inda ɗa guda ke kai wa 'ya'ya biyu hari lokaci ɗaya, wanda doki ya fi shahara da shi, ɗauri, inda ɗa ba zai gusa ba don sarki ko sarauniya na bayansa, sai harin ɓoye, inda ɗa ke kaucewa ya buɗe wa na bayansa hanya. Dole kuma a san darajar 'ya'ya: soja 1, doki da giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9.

Babban abin da ke kashe masu koyo shi ne gaggawa, musamman a waya, inda yatsa ke riga tunani. Mutum ya ga motsi mai kyau ya taɓa, in bai yi ba ya gwada wani. Wannan caca ce, domin a wasan gaske ba a mayar da ɗa. Abin da ya dace shi ne a duba duk motsin da ke kai wa sarki hari, sai na ci, sai na barazana, a lissafa martanin abokin karawa mafi tsauri har ƙarshe kafin a ɗaga hannu. Wanda ke da allo ya jera matsalar a kansa, ya ajiye wayar gefe.

Kaɗan kullum ya fi amfani a kan zaman dare guda a mako. Matsalar da ta gagara a nemi dalilin kuskuren, a koma mata bayan 'yan kwanaki. Haka wasan da aka sha kashi a ciki: a waiwaye shi a gano inda dara ta ci gida, a mai da wurin matsalar atisaye.