Idan Injin Ƙaramin Jirgi Ya Mutu, Shin Faɗowa Yake Yi?

A Damagaram an daɗe ana cewa da zarar injin ƙaramin jirgi ya mutu, sai ya rikito ƙasa kamar dutse. Tsoron na da dalili, amma ba haka abin yake ba.

Fukafukai ne ke riƙe jirgi, inji tura shi gaba kawai yake yi. Daga tsayin mita 1,000, ƙaramin jirgin da injinsa ya mutu na iya lulawa kusan kilomita 8 kafin ya taɓa ƙasa. A shekarun 1920, lokacin da injuna ke yawan lalacewa, matuƙan jiragen wasiƙu a Amurka sukan sauka a gonaki, a gyara, su sake tashi. Haɗarin yana wurin sauka ne: duwatsu, itatuwa, rairayi mai laushi.

Ku naɗe takarda kamar jirgi, ku jefa, ku ga yadda take sauka. Don Allah a tura wa 'yan'uwa.