Ƙofofin Ayon da Cututtukan Ƙwaƙwalwa

Ƙofofin ayon ƙananan furotin ne da ke manne a fatar ƙwayar halitta, suna buɗewa suna rufewa domin ayon, wato ƙwayoyin zarra masu ɗauke da cajin lantarki irin su sodiyam, fotasiyam, kalsiyam ko kilorayid, su shiga ko su fita. Da su ne ƙwayoyin jijiya ke haifar da lantarkin da ke ɗaukar saƙo. Ƙwayar da ke hutawa, lantarkin cikinta na ƙasa da na wajenta da kusan milibolt 70. Da saƙo ya iso sai ƙofofin sodiyam su buɗe, sodiyam ya shiga ya ɗaga lantarkin cikin ƙwayar, na fotasiyam su biyo baya su mayar da ita yadda take, duka kafin ƙiftawar ido.

Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka fayyace wannan tsari da lissafi a Ingila a 1952. A 1976 Erwin Neher da Bert Sakmann suka auna lantarkin da ke ratsa ƙofa guda tak, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1991.

Inda illar ta fi fitowa fili shi ne farfaɗiya. Tangarɗa a ƙwayar gado ta SCN1A, mai ƙera wata ƙofar sodiyam, na jawo ciwon Dravet, wani nau'in farfaɗiya, tun jariri bai cika shekara ba. Magungunan carbamazepine da phenytoin, na wasu nau'o'in farfaɗiya, ƙofofin sodiyam suke tarewa.

Lamarin cututtukan da ke cinye ƙwaƙwalwa sannu a hankali kuwa ya fi wuyar sha'ani, kuma ana ganin kalsiyam na da hannu a cikinsa. Idan gulutamet, sinadarin da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya, ya yi yawa, ƙofofin da yake buɗewa, masu suna NMDA, sukan daɗe a buɗe, kalsiyam ya yi ta kwarara ciki har ya lalata sassan da ke ba ƙwayar kuzari, ta mutu. Kan wannan aka samar da maganin memantine, wanda Amurka ta amince da shi a 2003 domin ciwon mantuwa na Alzheimer. Sauƙi kawai yake kawowa, ba ya tsayar da cutar. Haka maganin riluzole na ALS, ciwon da ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka: an amince da shi a 1995, amma 'yan watanni yake ƙara wa majinyaci.

A ciwon karkarwa na Parkinson, ƙwayoyin da ke fitar da dofamin, sinadarin da ke taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, na dogaro da ƙofar kalsiyam ta Cav1.3, abin da ke gajiyar da su. An sa rai maganin hawan jini isradipine, mai toshe ta, zai kare su, amma babban gwajin da aka buga sakamakonsa a 2020 bai nuna ya rage saurin cutar ba.