Makarantar firamare a Perth da darasin 'yan asalin ƙasa: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Shekara tara ke nan ina kai 'ya'yana makarantar firamare ta gwamnati a birnin Perth na Yammacin Ostireliya, kuma ina taimakawa a aji ranar Laraba ba tare da albashi ba. Duk watan Janairu wayata ba ta hutawa, domin iyalan da karatu ko aikin asibiti ya kawo sukan kira ni da tambayoyi iri ɗaya. Na rubuta amsoshin a nan domin wanda ya sake tambaya in tura masa ya karanta. Tsarin jiharmu nake bayani, kuma kowace jiha tana da nata 'yan bambance-bambance.

Yaushe ake buɗe makaranta, kuma ɗan shekara nawa ake ɗauka?

Ana buɗewa a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, a rufe a tsakiyar Disamba, kuma zangon karatu huɗu ne. Yaron da zai cika shekara biyar kafin ƙarshen watan Yuni dole ne ya shiga ajin share fage a wannan shekarar, daga nan sai aji ɗaya zuwa aji shida. Shekarun yaro ake dubawa, saboda haka kada ku ɓata lokacinku kuna roƙon a tsallakar da shi aji don ya iya karatu tun daga gida.

An hana ɗana wasa a fili saboda bai zo da malafa ba. Wariya ce?

Ba wariya ba ce. Doka ce a kan kowane yaro, saboda ranar ƙasar nan tana jawo kansar fata. Ku saya masa malafar makaranta, ku rubuta sunansa a ciki.

Mun zo neman boko ne. Me ya kawo al'adun Aborijin cikin karatun yaro?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai, musamman idan ta fito daga bakin wanda kakanninsa suka ga abin da Lugard ya yi a Kano da Sakkwato a 1903. Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, sun zauna a ƙasar nan fiye da shekara 50,000 kafin jiragen Ingila su sauka a gabas a 1788, sannan a kogin Swan, inda Perth take, a 1829. Lokacin da Turawa suka zo ana magana da harsuna sama da 250. A ƙidayar 2021 mutum kimanin 812,000 ne suka ce su Aborijin ne ko 'yan tsibiran Torres, wato kashi 3.2 cikin ɗari na jama'ar ƙasa. Manhajar karatu ta ƙasa ta sa tarihinsu da al'adunsu cikin abubuwa uku da ake so su ratsa dukkan darussa, don haka ba wani darasi ne na daban da za a ce a cire yaro daga ciki ba. Yana cikin kimiyya, yana cikin zane, yana cikin tarihi.

Ga misali daga ajin da nake taimakawa. A bango akwai wani faifan kwali da yaran suka zana, an raba shi gida shida, domin mutanen Noongar, waɗanda su ne masu wannan yanki na kudu maso yamma, suna lissafa yanayi shida a shekara: Birak, Bunuru, Djeran, Makuru, Djilba da Kambarang. Malama takan fitar da yara bayan aji su duba wace bishiya ta yi fure, wane tsuntsu ya fara sheƙa, sannan su dawo su juya kibiyar faifan. Da 'yata ta kawo mini wannan a gida sai na zayyana mata namu, bazara da damina da kaka da hunturu, da yadda manomi yake gane ƙaratowar ruwa daga iska da hadari. Washegari ta kai wa malamarta, aka liƙa takardar kusa da faifan. Wanda ya ce wannan ba ilimi ba ne, ban san abin da yake kira ilimi ba.

Ana dukan yara?

A'a, an daɗe da haramta shi a makarantun gwamnati. Kuma idan yaro ya zo da shatin bulala daga gida, ƙa'idar ma'aikatar ilimi ta wajabta wa malamai kai rahoto ko sanar da hukuma. Ku riƙe wannan da kyau.

Mene ne "kaya" da yaro yake ta faɗa, kuma wace magana ake yi kafin a fara taron makaranta?

"Kaya" gaisuwa ce da harshen Noongar, ba kayan sawa ko na ɗauka ba. Za ku kuma ji "boodja", wato ƙasa, da "moorditj", wato abu mai kyau ko mai ƙarfi. Maganar da wani ɗalibi yake karantawa a farkon taro kuwa shaida ce cewa makarantar tana kan ƙasar Whadjuk Noongar, wato reshen Noongar na yankin Perth, tare da girmama dattawansu na da da na yanzu. Kowa yana iya faɗin ta. Wadda ta bambanta ita ce marabar da dattijon yankin kaɗai yake yi wa baƙi a manyan taruka. Mu da ba ma shiga gari sai mun gaida mai gari, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba.

An aiko takarda cewa wani dattijo zai zo ya yi turaren hayaƙi, ya ba da labarin macijin kogi, yara kuma za su yi rawa. In bar ɗana ya shiga, ko ya taɓa addininsa?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa guda da za ta dace da kowane gida. Ni ba malamar fiƙihu ba ce, don haka hukunci yana wurin malamin da kuka amince da shi, kuma zai fi kyau a samu wanda ya zauna a ƙasar nan ya ga abin da idonsa. Abin da zan iya yi shi ne in rarrabe muku abubuwan da takardar ta cuɗe wuri ɗaya, domin ba nauyinsu ɗaya ba.

Labarin da farko. Noongar suna cewa wani babban maciji mai suna Wagyl ne ya tsaga kogin Swan, wanda suke kira Derbarl Yerrigan, da tafkunan da ke kewaye. Mu ma a firamare an karanta mana labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura, kuma babu wanda ya fito daga aji yana bauta wa maciji. Sauraro da sani ba su ne yarda ba. Sai dai kwatancen yana da iyaka, kuma ina so ku lura da ita: a wurin Noongar da yawa Wagyl ba tatsuniya ba ce, yana da alaƙa da ruwa da dokokin kula da shi har yau. Saboda haka idan kun yi wa yaro bayani a gida, ku ce masa wannan shi ne abin da su suka gada, mu kuma ga abin da muka yi imani da shi. Kada ku koya masa kalmar da zai je ya jefa wa dattijo a gaban aji.

Rawar da ake koya wa yara galibi kwaikwayon tafiyar dabbobi ce, jiminar ƙasar nan ko kangaru, ana buga sanduna biyu. A iya abin da na gani, dattawa ba sa kawo abubuwansu na asiri makaranta, domin su kansu suna da abin da ba a nuna wa yara ko baƙi. Gidan da ba ya son rawa kowace iri ce yana iya faɗa, a ba yaron wani aiki.

Hayaƙin ne wurin da iyaye suka fi rabuwa. Ana ɗora ɗanyen ganye, sau da yawa na bishiyar turare da wasunmu ke kira zaiti, a kan garwashi, hayaƙi ya tashi, a gayyaci mutane su ratsa ta cikinsa. Wani dattijon yakan bayyana shi a matsayin maraba da fatan lafiya, wani kuma yakan ce yana tsarkake wuri yana korar miyagun ruhohi. Wannan bayanin na biyu shi ne ya sa a gidanmu muka tsaya a kan cewa yara za su halarta, su tsaya da ladabi, su saurara, amma ba za su ratsa hayaƙin ba. Na san gidajen Musulmi masu kula da addini da suka ɗauke shi gaisuwa kawai suka bar 'ya'yansu, na kuma san wani gidan Kirista da ya fi mu tsanani. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Duk lokacin da na halarta, gayyata aka yi, ban ga an tilasta wa kowa ba.

Abin da ba na so shi ne a hana yaro zuwa makaranta ranar a ce ba shi da lafiya, ko a bar ɗan shekara bakwai ya yi gardamar addini da malamarsa shi kaɗai. Ku je da kanku mako guda kafin ranar, ku tambayi abin da za a yi filla-filla, ku faɗi iyakarku cikin natsuwa. Makarantu da yawa a jihar nan suna da jami'in ilimi ɗan Aborijin, kuma shi ya fi kowa sanin abin da baƙon zai yi. Na taɓa sakaci ban yi haka ba, ɗana ya tsaya shi kaɗai a gefe bai san abin da zai ce ba da abokansa suka tambaye shi, ya dawo ransa a ɓace. Tun daga ranar nake shirya shi da jimla guda da zai faɗa. Kuma kada ku ɗauka Musulunci baƙo ne ga mutanen nan: masunta Musulmi daga Makassar ta Indonesiya sun yi ta zuwa gaɓar arewa suna ciniki da su har zuwa 1907, kuma masu raƙuma Musulmi da suka ratsa hamadar ƙasar nan, wasunsu suka auri matan Aborijin, su ne suka kafa masallacin Perth a 1905.

Zan iya sa masa ƙuli-ƙuli ko miyar gyaɗa a abincin rana?

Ku tambayi makaranta tukuna, amma mafi yawa suna roƙon kada a kawo gyaɗa, domin akwai yaran da ɗan kaɗan zai iya toshe musu numfashi. Shinkafa da wake ko ɗanwake ba su da matsala. Ku haɗa da ɗan itace da gorar ruwa, saboda akwai ɗan hutun cin su a cikin aji.

'Yata ta dawo tana kuka, wai an ce ana sace yara. Me aka gaya mata?

Gaskiya aka gaya mata. A ranar 26 ga Mayu ake tunawa da yaran Aborijin da gwamnati ta raba da iyayensu, sannan daga 27 ga Mayu zuwa 3 ga Yuni makon sasantawa ne. Ranar farko ta makon tana tuna ƙuri'ar raba gardama ta 1967 kan cire sassan tsarin mulki da suka ware Aborijin, wadda sama da kashi 90 cikin ɗari suka amince da ita, ta ƙarshe kuma tana tuna hukuncin Mabo na 1992 da ya rushe da'awar cewa ƙasar ba ta da masu ita. A jiharmu dokar 1905 ce ta ba wani jami'i ikon zama waliyyin yaran Aborijin, aka riƙa kwashe su zuwa sansanoni irin su Moore River da Carrolup. A Carrolup, a ƙarshen shekarun 1940, yaran sun yi zane-zanen daji masu ban mamaki, waɗanda aka kai ƙasashen waje, aka gano wasu a wata jami'a a Amurka, aka dawo da su Jami'ar Curtin a 2013. Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa ranar 13 ga Fabrairu, 2008. Wasu daga cikin yaran nan suna raye, kuma jikokinsu suna zaune a benci ɗaya da 'yarku. Ku rungume ta, ku tabbatar mata cewa babu mai raba ta da ku, amma kada ku ce mata ƙarya aka faɗa.

Na nawa ya zo a aji?

Ba a jera yara haka. Rahoto yana fitowa sau biyu a shekara, kuma C tana nufin yaro ya kai matakin da ake so, don haka ba abin faɗa ba ce. Jarrabawar ƙasa ta NAPLAN a aji uku da aji biyar ake yin ta, a watan Maris, kuma ba a maimaita aji saboda ita.

Dole ne in je tarukan iyaye da bukukuwan makaranta?

Ba dole ba ne, amma ina jin takaici idan na duba fili ranar gasar wasannin gida-gida na ga yaranmu suna waige-waige babu nasu. Ƙungiyar iyaye ce take tara kuɗin littattafai da rumfar inuwa, ita take shirya kasuwar makaranta da gashin nama, kuma idan babu Musulmi a zaman ba wanda zai tuna da naman halal. Shekarar da na fara zuwa na faɗa sau ɗaya, aka sayo abin gashi na daban, har yau ana amfani da shi. Ranar 21 ga Maris ana son kowane yaro ya sa kayan ƙasarsu, ku ɗinka masa kaftani da hula tun da wuri. Makon NAIDOC kuma, wato makon bikin tarihi da al'adun 'yan asalin ƙasa, yana farawa ranar Lahadin farko ta Yuli, kuma tun da yakan faɗa cikin hutu, makarantu suna yin nasu kafin a tashi ko bayan an dawo. A ranar ne ake neman hannun da zai taya dasa tsirran gargajiya a lambun makaranta da kwaɓa burodin da ake gasawa a wuta. Idan aka gabatar muku da baƙuwa da laƙabin Anti ko baƙo da laƙabin Onkul, girmamawa ce irin tamu ta Gwaggo da Kawu, ku kira su da ita, kuma ku nemi izini kafin ku ɗauke su hoto.