A daina miƙa 'ya'ya mata ga dillaliyar aikatau

Iyaye mata, da ku nake. Yaran da ake kawowa asibiti bayan sun dawo daga aikatau, kusan duk labarinsu ɗaya ne: 'yar shekara 13 ko 14, ga ciwon sanyi, ko ciki, ko ta daina magana sai sunkuyar da kai. A tambayi uwarta gidan wa ta zauna, sai ta ce "Hajiya ce ta kai ta." Wace unguwa? Oho. Lambar matar gidan fa? Babu.

Haba baiwar Allah! Ko akuya za ki bayar kiwo, ai kin san garken da za ta kwana.

Mun san babu ce ke sa haka, da tunanin kayan ɗaki. Amma ki lura da yadda abin ke tafiya. Dillaliya ta danƙa miki kuɗin wata biyu ko uku, daga nan albashi ta hannunta yake bi. Ta sauya wa yarinya gida ba ki sani ba. Wadda ta fara zama budurwa a kai ta wurin sayar da abinci a tasha ko otal, a lissafa mata bashin mota da na ci, a ce da jikinta za ta biya. Wasu a bi da su Agadas zuwa Libiya, a karɓe waya da takardu. Ke kuma kina gida kina cewa Hajiya mutuniyar kirki ce. A ina kika san ta?

Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. Wadda ta haura hakan ma, kada ki ba dillaliya.

In an riga an kai ta, a je a ga gidan ido da ido, a riƙa magana da ita kanta, ba ta bakin Hajiya ba. In an hana ku jin muryarta, ku kira NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta Najeriya, a 627.

In ta dawo ta ce an taɓa ta:
- Asibiti nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau sai cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28.
- Maganin hana ɗaukar ciki, cikin kwana 5.
- Kada a wanke kayan jikinta, shaida ne.
- Ban da duka, ban da gori, ban da jiƙe-jiƙen zubar da ciki.

Kuma don Allah, kada ku karɓi kuɗin rufa-rufa daga dillaliyar, sannan ku ba ta ƙanwar ta tafi da ita.